Sunaye Tara a Takardar Jarrabawa

Malama Tsaye yara suke ce mata, don shekara goma sha ɗaya tana koyar da addinin Musulunci a makarantar nan, ba wanda ya taɓa ganinta zaune a aji. Ita ce kuma malamar ajin ƙarshe, masu shirin jarrabawar fita.

Tsarin makarantar shi ne, da an kaɗa ƙararrawar darasin addini sai aji ya rabu biyu. Musulmi talatin da ɗaya su zauna, Kiristoci tara su kwashi littattafansu su tafi ɗakin da ke kusa da laburare. To, tun farkon zango malamin Kiristocin ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Shugaban makaranta kuwa ya ce shi ba ya son zaman banza, sai ya sa aka riƙa miƙa wa yaran nan tara tsintsiya. Mako shida cur suna sharar fili a lokacin darasinsu, Malama Tsaye tana hango su ta taga, tana ce wa ranta ba huruminta ba ne.

Ranar wata Talata ta rubuta ADALCI a allo da manyan baƙaƙe. Tana cikin bayanin haƙƙin mai rauni sai ta lura ba mai kallonta, idon kowa yana taga. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi. Ba ta iya ƙarasa darasin ba.

A ranar ce Shugaba ya aika a kira ta ofis. Ya tura mata takardar rajistar jarrabawa, ya ɗora biro a kai. Ta duba, sai ta ga an ja layi a kan sunaye tara a darasin addinin Kirista.

"Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Ba su da malami, faɗuwa za su yi, su ɓata mana sakamako. Sa hannu kawai, Malama, ranar Alhamis ake rufewa."

"In aka cire musu darasi ɗaya, wasunsu ba za su cika adadin da jami'a ke nema ba."

"To ke ina ruwanki? Naki talatin da ɗaya suna nan lafiya lau."

"Nawa arba'in ne, ranka ya daɗe. Kullum safiya ni nake kiran sunansu."

Shugaba ya cire tabarau ya dube ta. Ya ce ta tafi da takardar ta yi tunani, ta kuma tuna cewa malaman addini birjik suke a gari suna neman aiki. Wannan kam bai yi ƙarya ba, ita ma ta sani. Mijinta shekara biyu ke nan ƙafa ta kwantar da shi, gidan gaba ɗaya a wuyanta yake. Ta fito ba ta taɓa biron ba.

Ta wuce kai tsaye ɗakin malamai, ta sami Malamin Lissafi yana makin littattafai. Bawan Allah ne mai tsoron rigima, ko ƙuda ya sauka a hancinsa sai ya ba shi haƙuri. Amma ta san shi yake koyar da matasa a cocinsu duk Lahadi.

"Malam, yaran nan tara. Ni ban san littafinku ba, ba kuma zan koyar da abin da ban sani ba. Kai ka sani."

"Wai! Yaya, ki rufa mini asiri. Ni fa na wucin gadi ne. Kuma ɗakinsu an cika shi da karyayyun kujeru."

"Na ba ka rabin ajina, da rabin allona."

"A ɗaki ɗaya? Iyaye za su cinye mu ɗanye!"

"Su fara da ni, na fi ka nama."

Ya yi dariya ba don yana so ba, ya ce zai duba. Ta ce babu wani dubawa, ranar Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya.

Ranar Laraba ta nemi sabuwar takarda, ta kwafe sunaye arba'in da hannunta, ba layi a kan ko ɗaya. Ta sa hannu a gurbin malamar aji. Da aka tashi ta hau motar haya ta kai ofishin jarrabawa da kanta, ta tsaya a kan magatakarda har sai da ya buga hatimi ya ba ta shaidar karɓa. Da ta koma gida ta faɗa wa mijinta, sai ya ce, "To, Allah ya rufa asiri. Miƙo mini maganina."

Ranar Alhamis ƙararrawa ta kaɗa, yara tara suka miƙe kamar kullum. Ta ce, "Ina za ku? Ku juya kujerunku ta can." Ta ɗauki alli ta raba allo gida biyu. Sai ga Malamin Lissafi ya shigo, littafi a hammata, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Da farko muryarsa ko ƙuda ba zai ji ba. Can ya manta da tsoro, muryarsa ta rufe tata tana cikin bayanin haƙƙin maraya, har sai da ta ce, "Malam, sassauta, ka danne mini maraya." Ashe shi ma a kan maraya yake. Ajin ya fashe da dariya, ɓangare biyun duka.

Dariyar ba ta gama sauka ba ƙofa ta buɗe. Shugaba ne, fuska a murtuke, ambulan a hannu. Ofishin jarrabawa sun kira shi. Malamin Lissafi ya manne da bango.

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa. Ni na kai takardar, ni na kira malamin nan, shi umarnina ya bi."

Ya miƙa mata ambulan. Ta buɗe a gaban yara ta karanta. Sallama ce daga aiki. Idonta ya ciko, ta ji gidanta ya faɗo mata a rai, da mijinta a kwance. Ta ninke takardar.

"Sunayen fa, ranka ya daɗe? Suna ciruwa?"

Shi da ita duk sun san an riga an buga hatimi.

"Sallamar daga yaushe take?"

"Daga gobe."

"To yau tawa ce. Matsa, ka tare musu allo."