Buhun da Mijinyawa Ya Jiƙa

Kwana goma sha tara na yi a ƙauyukan arewacin Tahoua ina rubuta gidajen da rumbunsu ya ƙare. Ƙauye goma sha huɗu, duk a cikin ordinatar ɗina, kwamfutar da nake yawo da ita. Kwamitin da sojoji suka kafa ya ce ranar Alhamis zai rufe karɓar sunaye, kuma ƙauyen da bai shiga ba, ba shi ba geron taimako. Ranar Litinin muka iso Yamai, na'urar ta fara ƙugi tana daskarewa.

Na kai ta wajen Issoufou mai gyara a Gamkalley, mutumin da magana ke yi wa tsada. Ya soka kile, ɗan filashinsa, ya tada wata manhaja mai duba kayan cikin na'ura ɗaya bayan ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta nuna kore. Batir kore. Da aka zo kan diski, inda sunayen suke, layin ya yi ja wur.

Ya kwance bayanta, ya kanga wa haske. Tsatsa ce.

"Madam Ramatou, shekarar da ko akuya ba ta samu ruwa ba, ina wagga ta samo nata?"

Nan take na gane. Mijinyawa, dattijon direbanmu, ba ya tafiya sai da bidon ruwansa naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi. A hanya na yi ta mita cewa na'urar na zafi kamar kaskon tuya. Kullum muka tsaya sai ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce zai aje min ita inda ta dace. Ni kuwa uwar son jiki, ban taɓa leƙawa ba, ashe cikin buhun nan yake naɗe ta.

Raina ya ɓaci. Na so in fita in wanke shi tas, to amma wa ya miƙa masa?

Issoufou ya shafe awa uku yana kwashe abin da zai kwasu. Ƙauye goma sha ɗaya suka fito. Uku sun tafi, har da Gidan Ɓaure, gida ɗari da shida. Can aka haifi Mijinyawa, shi ya riƙa kai ni ƙofa ƙofa yana cewa ƙannensa su saki jiki, Madam ta rubuta.

Na same shi a waje, ya raɓe a inuwar mota.

"Madam, ta tashi? Ai na kula da ita ƙwarai, ko sau guda ban bari buhun ya bushe ba."

Na dube shi, na ce:

"Baba, kwana nawa za mu yi zuwa Gidan Ɓaure mu dawo?"

"In ba mu kwana ba, ukku." Ya miƙe tsaye. "Mi muka mance can?"

Na shiga kantin da ke kusa na sayi littafi da biro biyu. Da na fito har ya tada mota, bidon na kujerar baya, buhun na ɗiga.