Aljihun da Ta Ɗinka Masa

Tun da aka dasa wa Mai Rediyo wata na'ura a ƙirji, hankalin matarsa Tela ya kwanta. Likita ta ce in zuciyarsa ta rikice za ta tsaya, na'urar za ta dake ta da lantarki ta dawo da ita hanya. Sai ga shi abar ta fara dukansa ba dalili. Yana cikin shan shayi sai ya kurma ihu, kofin ya tashi sama. Ƙato guda da ba ya ko tsoron allura ya koma tsoron ɗaga hannu.

A asibiti likita ta haɗa shi da kwamfuta, ta ce wayar da ke shiga zuciyar ce ta tsage, na'urar na jin ƙarar banza tana zaton mutuwa ce. Kafin ta gama bayani abar ta sake nausarsa. Nan take ta ɗora masa maganaɗisu a ƙirji, dukan ya tsaya.

"Wannan a nan kawai ake yinsa," in ji ta. "Yana hana duka na ƙarya, yana hana na gaskiya. Ka kwana biyu a wurinmu mu canja wayar."

Taurin kai dai gadonsa ne. Washegari ya sulale gida, ya ɓare wata tsohuwar lasifika, ya ciro maganaɗisunta.

"Ɗinka min aljihu a singileti, daidai nan," ya ce wa Tela, yana nuna ƙirjinsa.

"Baban yara, ba ka ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Ke ba a jikinki ake yi ba. Don Allah, uwargida."

Bai taɓa roƙonta komai ba, tausayinsa ya karya ta. Ta zauna gaban keke, ta yi masa ɗinki mai kyau, har da ninki biyu don kada ƙarfen ya goce.

Ya sa maganaɗisun a aljihun, dukan ya daina. Ya ci abinci sosai, har ya tsokane ta wai ta fi likita iya aiki. Ranar da ya yarda zai koma asibitin, yana sunkuye yana sa takalmi, ya kife. Ta tsaya kansa tana jiran ihun nan da ta tsana. Shiru.

Da aka kai gawarsa asibiti, likita ta duba abin da na'urar ta adana.

"Na'urar ta ga rikicewar, ta gane ta gaskiya ce. Wani abu ya hana ta. Baiwar Allah, me ke ƙirjinsa?"

"Aljihu," Tela ta ce. "Ni na ɗinka."