Ranar Da Buzuzu Ya Taka

Garba Bamalli ya shekara ashirin da huɗu yana gyaran lif a dogayen gine-ginen Abuja, amma gidansa yana Hashimi, cikin Suleja, inda aka haife shi. Kullum bayan sallar asuba yakan bi motar haya ya tafi, ya dawo gab da magariba a gajiye. Asabar ce kaɗai tasa. A bayan gida akwai wani ɗan ɗaki da a da ake ajiye buhunan masara, shi ya mayar wurin aikinsa: tebur ɗaya, ƙarfen narka dalma, tsohuwar kwamfuta da 'yarsa Mardiyya ta bar masa da ta tafi jami'a a Minna, da gwangwanayen madara cike da kusoshi da guntayen waya. A nan yake ƙera abubuwan da babu wanda ya sa shi.

Duk kayan da yake amfani da su daga shagon Nnamdi suke fitowa, a layin masu kayan lantarki na babbar kasuwa. Nnamdi ya zo Suleja yana saurayi, ya yi aure a nan, ya aurar da 'ya'ya a nan. Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai har yau ba ya iya furta ƙ da ɗ yadda ya kamata. Shi yake kiran Garba Injiniya tun ba wanda yake kiransa haka. Sun fi shekara ashirin tare, kuma rabin zaman da Garba yake yi a bencin shagon hira ce, ba ciniki ba.

Wata Asabar Nnamdi ya jawo wani kwali mai ƙura daga ƙarƙashin kanta ya tura masa. A ciki akwai cif guda goma sha shida, waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙwaƙwalen lantarki da ake rubuta wa umarni su bi, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Nnamdi ya ce wata makaranta ce ta sa ya kawo su shekara uku da suka wuce, aka sauya shugaba, ba a sake waiwayarsu ba. Ya gaji da ganinsu, Garba ya kwashe ya yi abin da ya ga dama da su.

Garba ya yi mako yana juya abin a ransa a cikin mota. Kowane cif ɗaya rarrauna ne, aiki ɗaya kawai zai iya riƙewa da kyau. Amma idan aka raba musu aiki, kowa ya kama nasa a lokaci guda, za su iya zama ƙwaƙwalwa ɗaya. Ya yanke shawarar ƙera robot, wato na'ura mai tafiya da kanta, mai ƙafa shida: cif biyu ga kowace ƙafa, ɗaya na ɗagawa ɗaya na turawa, sauran huɗun kuma su kula da idanun lantarki da za su hana shi karo da abu.

Gangar jikin ya yanko ta daga ragowar alminiyon na masu haɗa tagogi a Kwamba. Ƙananan injinan da za su motsa gaɓoɓi kuwa daga matattun firintoci ya ciro su. Ranar da matarsa A'isha ta leƙo ta ga abin a kife a kan tebur, ƙafafu a sama, ta ce wannan ai buzuzu ne. Sunan ya bi shi.

Wata bakwai yana wannan aiki. Kowace ƙafa idan ya gwada ta ita kaɗai, tana ɗagawa, ta miƙa, ta sauka lafiya lau. Matsalar tana farawa ne idan ya haɗa su. Ya jona dukkan cif ɗin a kan waya ɗaya don kowanne ya riƙa sanar da sauran abin da yake yi, sai ya zamana duk suna magana a lokaci guda, babu mai jin wani. Buzuzu ya tsaya yana karkarwa, ƙafafu uku su ja gaba, biyu su ja baya. Sau ɗaya ma ƙafar tsakiya ta harɗe ta gaba ta karya ta. Duk Asabar da yamma Garba yakan je ya ba Nnamdi labari, shi kuma ya yi ta dariya yana cewa ya haifi 'ya'ya goma sha shida marasa jin magana.

A cikin watannin nan ne Garba ya fara lura da wani abu. Zai nemi kaya mai lamba kaza, Nnamdi ya miƙo masa wani daban. Yakan kai abu dab da fuskarsa, ya karkata kai gefe, sannan ya karanta. Garba ya yi kamar bai gani ba, don ya san mutumin ba ya son a tausaya masa.

Nnamdi da kansa ya faɗa, wata Asabar a tsakiyar watan Oktoba, bayan an tsagaita ruwa. Ya ce hawan jinin ido ne, likita ya tabbatar. Na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana rufewa daga gefe-gefe kamar ana jan labule. 'Ya'yansa sun matsa ya koma gida Nnewi, kusa da babbar 'yarsa Kelechi wadda take aikin jinya. Ya riga ya sami wanda zai karɓi shagon. Ƙarshen wata zai tashi.

"Injiniya, ka sa wannan abu naka ya yi tafiya kafin in tafi," in ji shi. "Ina so in gani da idona, tun akwai saura."

Garba ya ce in Allah ya so. Ya tashi ya tafi da wuri.

Ranar Litinin ya nemi hutun mako biyu a wurin aiki, abin da bai taɓa yi ba sai lokacin rasuwar mahaifinsa. Ya shige ɗakin baya, ba ya fitowa sai salla da cin abinci. Ya sauya umarnin cif ɗin ya fi sau talatin. Ya gwada naɗa ɗaya ya zama shugaba mai ba sauran izini, sai aikin ya yi wa shugaban yawa, ƙafafu suka riƙa jira har Buzuzu ya kife. A rana ta biyar, cikin gaggawa, ya jona batir a juye. Ya ji ɗan ƙara da ƙaurin roba, ya fizge wayar, amma ya makara. Cif huɗu na ƙafafun baya sun ƙone.

Ya daɗe zaune yana kallonsu a tafin hannunsa. Babu irinsu a Suleja, kuma idan aka aika Legas ba za su iso kafin ƙarshen wata ba.

A'isha ta shigo da kwanon abinci ta same shi haka. Ta ajiye kwanon, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta saba sa baki a harkar ɗakin nan ba, amma ranar ta yi. Ta ce ta haɗu da Maman Kelechi, matar Nnamdi, a kasuwa, ta gaya mata Nnamdi yana can shi kaɗai yana ƙoƙarin ware kayan shago, ba ya ganin lambobin, kuma ya ƙi barin kowa ya taimaka masa.

"Malam, kwana goma suka rage wa mutumin nan a garin," ta ce. "Ka ɗauki hutu saboda shi, ka zo ka ƙarar a kan ƙarfe."

Garba ya jawo kwanon. Da ya gama cin abinci ya wanke hannu, ya sa hula, ya tari Keke Napep zuwa kasuwa.

Ya tarar da shagon a hargitse, Nnamdi a tsakiyar kwalaye da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Garba bai tambaye shi ko yana bukatar taimako ba. Ya ja benci kawai ya zauna, ya ɗauki akwatin farko ya fara karanta lambobi da ƙarfi, Nnamdi yana faɗa masa kwalin da kowanne zai shiga. Kwana uku suka yi a haka. Nnamdi ya san tarihin kusan kowane kaya: wanda ya fara kawo shi, rediyon da ake sa wa, shekarar da aka daina yayinsa. Masu shagunan kusa suna ta leƙowa suna yi masa sallama, wasu da goro, wasu da lemo.

Sai a rana ta uku Nnamdi ya tambayi labarin Buzuzu. Garba ya gaya masa gaskiya, har da cif huɗun da suka ƙone. Nnamdi bai nuna ɓacin rai ba. Ya sa shi ya sake bayyana masa matsalar tun daga farko, a hankali, yana sauraro ido a rufe. Da Garba ya gama, ya tambaye shi me ya sa dole kowace ƙafa ta san abin da duk sauran biyar suke ciki. Ya ce shi da yake dako a tashar Onitsha yana yaro, idan suna sauke kaya daga tirela a jere, bai taɓa sanin abin da na ƙarshen layi yake yi ba. Wanda ke miƙo masa ya sani, da wanda yake miƙa wa.

Garba ya ajiye akwatin da ke hannunsa. Ya nemi biro, ya juya murfin kwali ya fara zane. Idan ya cire wayar nan guda ɗaya da kowa ke ihu a kanta, ya ba kowace ƙafa 'yar gajeriyar waya zuwa maƙwabciyarta, saƙo ɗaya ne kawai zai riƙa wucewa: na sauka, ke ɗaga. Abin ya yi sauƙin da har ya ji kunya. Nnamdi ya kore shi, ya ce ya tafi gida, ragowar kayan ba su da yawa.

Kwana huɗu ya ɗauka yana warware wayoyi yana sake jona su. Don ya cike gurbin waɗanda suka ƙone, dole ya ciro cif huɗun da ke kula da idanu ya mayar da su ƙafafun baya. Wannan ya dame shi fiye da yadda ya zata, ya rasa yadda zai faɗa wa Nnamdi.

Asabar ta ƙarshe, bayan la'asar, Nnamdi da matarsa suka zo Hashimi. A'isha ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta fito da kujeru biyu. Garba ya ɗauko Buzuzu a hannu biyu ya ajiye a kan siminti. Bai gwada shi a ƙasa ba tukuna, a rataye kawai ya ga ƙafafun suna bin juna. Ya danna makunnin.

Da farko babu abin da ya faru. Sannan ƙafar gaba ta hagu ta ɗaga, ta miƙa, ta sauka. Ta kusa da ita ta karɓa. Buzuzu ya gusa gaba kamar faɗin yatsu uku, yana ƙara kamar tsohon keken ɗinki, ya sake gusawa. Maman Kelechi ta dafe ƙirji. A'isha ta rufe baki da gefen mayafinta.

Nnamdi ya karkata kai hagu da dama yana nema, amma daga kujera abin ya yi masa nisa. Sai ya sauko, ya durƙusa a kan simintin da farin wandonsa na zuwa coci, ya kawo fuskarsa dab da ƙasa, yana bin Buzuzu da rarrafe. Ya ɗora yatsu biyu a bayansa a hankali don ya ji motsin. Haka suka ratsa tsakar gidan tare, har Buzuzu ya yi karo da bokitin wanki ya tsaya yana ta tura shi.

Nnamdi ya tambaya me ya sa bai kauce ba. Garba ya ce ya cire masa idanun don ƙafafun su samu.

Nnamdi ya zauna a kan dugadugansa ya yi dariya har da hawaye. "Bar shi haka," ya ce. "Ai yana tafiya."

Suka juya shi suka sake sakinsa sau huɗu, har batir ya yi sanyi. A'isha ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, matan suka shige ciki da nasu, su biyun suka ci a kwano ɗaya a kan tabarma. Ba su yi maganar tafiya ba. Nnamdi yana ta ba da shawarar a sa wa ƙafafun roba a ƙasa don su daina zamewa.

Ranar Litinin da safe Garba ya raka su tasha, ya tsaya har aka ɗaure kayansu a bayan bas. Suka yi musabaha, Nnamdi ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Garba ya yi masa addu'ar sauka lafiya da samun sauƙi, ya ce a gaishe da Kelechi.

Washegari da rana, yana saman bene na tara a wani gini a Wuse, wayarsa ta yi ƙara. Nnamdi ne. Ya ce sun isa lafiya, an ba shi ɗaki mai taga babba, kuma za a kai shi wurin likitan ido ranar Alhamis. Sai dai garin ya sauya masa, tun jiya yake ce wa mutane sannu suna kallonsa. Duk unguwar babu wanda zai yi Hausa da shi sai wani mai suya a bakin titi, shi ma ɗan Nijar ne mai saurin magana.

Ya roƙi Garba ya riƙa kiransa ko sau ɗaya ne a mako, don kada harshen ya kuɓuce masa. Garba ya ce zai riƙa kira duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Suka yi sallama, ya mayar da wayar aljihu, ya tsaya ɗan lokaci a bakin taga kafin ya ci gaba da aiki.