Sunan Dogo a Jikin Ƙofa

Ana cewa kishi na mata ne, wai kuma yana lafawa idan furfura ta fito. Wanda ya fara faɗin haka bai ga mijina tsugune gaban mota da soson ƙarfe a hannu ba.

Babban ɗanmu ne ya saya mini motar, bayan na ajiye aikin koyarwa, gwiwoyina kuma suka fara ƙin hawa motar haya. Ta hannu ce, ƙarama, shuɗiya, rana ta ɗan cinye fentinta. Da ya shigo da ita tsakar gida, na zagaya ta ina sa masa albarka. Malam kuwa ya tsaya cak, ya sauko da tabarau kan hanci. A jikin ƙofofin gaba biyu akwai sitika, manyan fararen haruffa: DOGO MAI FIRJI.

Ɗan namu bai san komai ba, shi dai ya ga inji mai lafiya. Dogo ne ya fara neman aurena tun ina makarantar horon malamai. Na ƙi shi saboda ya cika surutu, magana kuma ta mutu tun kafin a haifi wanda ya sayo motar. A wajena ke nan.

"Duk motocin garin nan," in ji Malam, "ba ka ga ta saya ba sai wannan?"

"Baba, sitika ce fa kawai. Ɓarewa ake yi."

"Uwarka ba za ta fita da sunan wani ƙato a jikinta ba."

"A jikin motar dai," na ce.

"Duk ɗaya ne."

"Ƙaton da yanzu sai da sanda yake tafiya?"

"Au! Har kin san da sanda yake tafiya?"

Kafin in ba shi amsa mukullin ya shige aljihunsa. Ya ce ba zai fito ba sai sunan ya bar ƙofa. Ni kuma ranar Asabar za a yaye jikata daga makaranta, na riga na yi mata alkawarin ni zan ɗauko ta, da hannuna a kan sitiyari.

Washegari da sanyin safiya ya fito da wuƙar yanka albasa. Na ce ya bari rana ta gasa ƙarfen tukuna, gam ɗin ya yi laushi ya biyo sitikar. Ya ce wato so nake sunan ya ƙara wuni. Ya sa wuƙa da farce yana fizga, sitikar tana yagewa guntu-guntu. Kafin hantsi fararen haruffan sun tafi, ya karkaɗe hannu ya shiga ɗaki yana 'yar waƙa.

Gam ɗin bai je ko'ina ba. Yana nan manne, ba ya ganuwa. Gidanmu kuwa a bakin titi yake, kowace babbar mota ta wuce sai ta bar mana rabonmu na ƙura. Da la'asar sunan ya dawo, ruwan ƙasa, ya fi na da fitowa. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta ƙofar gida ya ce, "Malam, ashe baƙo ka yi? Dogo ne ya zo gaisuwa?"

Malam ya ɗebo ruwa a bokiti. Ya wanke da sabulu, gam ya ƙara yauƙi. Ya goga da tsumma, zaren tsumman ya manne, haruffan suka yi gashi. Daga nan ya shiga kicin ya ɗauko soson ƙarfen da nake wanke gindin tukunya.

"Malam, wannan zai ci fentin."

"Ya ci."

"Motata ce fa."

"Fentin kike ji, ko abin da ke rubuce?"

Ya dirje ƙofar gefen direba har gumi ya jiƙa masa riga. Sunan ya tafi, gaskiya. Shuɗin ma ya bi shi. Abin da ya rage wani faffaɗan tabo ne mai ruwan toka, kamar makero a kan yaro. Ya tsaya yana kallonsa. Da ya nufi ɗaya ƙofar na riga shi, na jingina bayana da ita.

"Wannan tawa ce. Je ka zauna."

Na aro abin busar da gashi wajen surukata, na ɗumama wurin kaɗan, yadda hannu zai iya taɓawa. Na jiƙa tsumma da man girki na shafe haruffan, na bar man ya shiga. Sannan na sa tsohon katin banki, na kwantar da shi ina turawa a hankali. Gam ya riƙa naɗewa yana faɗuwa kamar dauɗar jiki. Inda ya yi taurin kai na ɗiga masa kananzir, bayan na gwada a cikin ƙofa na ga bai taɓa fenti ba.

Malam yana kan kujera a bayana, ina jin numfashinsa.

"Ji yadda ake lallaɓa shi," ya ce.

"Wa?"

"Har da su shafa mai. Ni da bayana ke ciwo tun bara, sai dai a miƙo mini kwalba a ce in shafa da kaina."

"Kai ba ka manne a jikin motata ba."

"A kan harafin farkon nan kin fi daɗewa. Ina lura."

Na wanke ƙofar da ruwan ɗumi da sabulu, na goge. Na shafa tafin hannu, sumul, babu sauran danƙo. Malam ya taso ya shafa shi ma, har ya sa hannu a aljihu. Sai rana ta fito daga bayan gajimare.

Shekarun da sitikar ta yi a wurin, ta kare fentin da ke ƙarƙashinta. Ko'ina ya koɗe, ban da nan. Ga sunan nan shuɗi shar, sabo fil, kamar yau aka fito da motar daga kamfani. Babu abin gogewa, don babu abin da ke kai.

Hannun Malam ya fito daga aljihu babu mukulli. Ya kira mai fentin mota a waya, mutumin ya ce aiki ya yi masa yawa, sai wani satin.

Ranar Asabar na shirya, na ɗauki jakata, na tsaya gefen motar. Malam yana kan kujerar nan tasa.

"Yarinyar nan tana can tana duban hanya," na ce. "In babu mukulli, zan taka zuwa bakin kasuwa in hau ta haya."

Ya san shagon Dogo ne ke kallon tashar bakin kasuwa. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya shiga ɗaki. Da ya fito ya sa rigarsa mafi faɗin hannu. Ya miƙo mini mukullin ba tare da ya kalle ni ba, ya zagaya ya zauna a gefena, ya sauke gilas, ya zuro hannu waje har hammata. Hannun rigar ya sauka kan ƙofa ya rufe DOGO. MAI FIRJI dai ya rage a fili.

"Tuƙa," ya ce. "Kuma ba ta kasuwa ba."

Mutumin da rabonsa da raka ni ko asibiti har na manta, yanzu ko gishiri zan sayo sai ya riga ni shiga mota. Matan unguwa suna ta cewa tsufa ya koya wa Malam soyayya, ni kuma ina barinsu da abin da suka sani. Hannunsa na gefen taga har ya fi ɗayan baƙi. Mai fenti ya aiko ya ce ya samu sarari, a kawo motar. Na ce a gaya masa wannan satin ina da zirga-zirga.