Fuskar Nuriyya

Yabawa ta sake buɗe takardar da likitan fata na Yamai ya rubuto, ko da yake ta riga ta haddace ta. Ƙanwarta Nuriyya tana zaune a bayan kanti, ta rufe fuska da mayafi, idanu kaɗai ake gani.

"Hanya biyu ce, ya ce," in ji Yabawa. "Ko a shafa miki ruwan magani, fatar sama ta saɓule a hankali, muna komawa duk wata. Ko kuma hasken leza. Wannan ya fi sauri, amma a fata irin tamu yana iya ƙara baƙin."

"Na ji shi, Yaya. Ina wurin."

"To wanne kike so?"

"Wanne ne zai mayar mini da fuskata?"

Yabawa ta ninke takardar. Likitan ya faɗa musu gaskiya: tabon zai ragu, amma ba zai tafi ba.

Shekara shida Yabawa tana haɗa man ƙara haske a kasuwar Gure, har daga Kelle mata ke zuwa saye. Ita da hannunta ta fara shafa wa Nuriyya, ana saura wata biyu ta kama aikin koyarwa, don ta shiga lakwal, wato makaranta, da kwarjini. Fuskar ta yi fari, daga baya ta yi ja, sannan kumatun suka ƙone ƙurmus kamar gindin tukunya. Tun ranar da wata ɗaliba ta gan ta ta fashe da kuka, Nuriyya ba ta sake shiga aji ba.

"Ki zaɓa mini," Nuriyya ta ce, ba da faɗa ba. "Ai kin saba."

Da ma zaginta ta yi, da ya fi wa Yabawa sauƙi.

Ana haka wata budurwa ta yi sallama, da gani daga ƙauye take, fatarta baƙa sumul, ko ƙurji babu.

"Hajiya, a ba ni irin wanda Malama Nuriyya take shafawa. Bara na gan ta, tubarkalla, kamar Balarabiya."

Yabawa ta juya ta dubi ƙanwarta.

Nuriyya ta miƙe, ta zagayo gaban kanti.

"Matso kusa, ƙanwata," ta ce, ta kai hannu ga mayafin.