Sashe na Tara na Injiniya Pyo

"Ban yarda ba! Kana ji na? Ko ka sake karanto shi sau goma, ban yarda ba!"

Tun daga matattakala nake jiyo muryarsa. Na tura ƙofa da kafaɗa, don kwanon kunun shinkafa yana ƙona mini hannu, na tarar da Injiniya Pyo zaune a kan shimfiɗa, robar iska a hanci, waya a kunne, takardu sun cika masa cinya. Tari ya sarƙe shi har ya kasa ƙarasa faɗan. Na ajiye kwanon na karɓe wayar.

"Malam Kuroiwa, ni ce, Maman Sun-hwa. Ka bar shi ya sha kunu."

"Yi haƙuri, yi haƙuri," in ji tsohon daga can Fukuoka ta Japan, da gurgun Koriyancinsa. "Ki gaya masa ni ma ban yarda ba."

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka da Injiniya Pyo a unguwarmu ta kan tudu a Busan, a Koriya ta Kudu. Ni a ƙasa da shagona na wanki da guga, shi a sama shi kaɗai tun da matarsa ta rasu. 'Yarsa Hye-rim tana aure a Seoul, takan zo ƙarshen mako. A watan huɗu likita ya ce ciwon da yake fama da shi ya gama cin huhunsa, shi kuma ya ce to a mayar da shi gida.

Ban taɓa ganin gada ko bene da aka ce nasa ne ba. Aikinsa zama ne a kwamitin hukumar da ke ba injiniyoyi lasisi, wanda kan ƙwace lasisin idan mutum ya ci amanar aiki. Daga baya ya shiga zirga-zirga tsakaninmu da Japan da Taiwan, suna ƙoƙarin haɗa hukumomin ƙasashen su yi magana ɗaya: lasisin nan ya yi aiki a can, wanda kuma aka kora a nan a sanar da can. Duk tafiya ni ke goge masa riguna, shi kuma ya tsaya a kaina yana ba ni darasi.

"Ke dai ki gane, Maman Sun-hwa. A ce mutum ya ƙone rigunan jama'a aka rufe masa shago, sai ya hau jirgin ruwa ya buɗe wani a ƙetare. Wa zai gaya musu?"

"Ni ban taɓa ƙona rigar kowa ba, Baba."

"Kin taɓa dafa mini kwalar riga."

"Sau ɗaya, shekara goma sha biyar da suka wuce!"

"To kin gani. Ban manta ba."

Yarjejeniyar ta kammala, saura sashe ɗaya, na tara. Injiniya Pyo ya ce wanda aka ƙwace wa lasisi saboda an rasa rai, sunansa ya zauna a jerin korarru na duk ƙasashen har ya mutu. Malam Kuroiwa, takwaransa na Japan, ya ce bayan shekara goma a goge sunan, mutum ya sake gwadawa. Shekara shida suna wannan jayayya. Dukansu sun yi ritaya, amma su suka rubuta takardar tun farko, don haka matasan da ke riƙe da hukumomin suka ce ba za su sa hannu ba sai tsofaffin biyu sun daidaita. Taron sa hannun kuwa saura kwana goma sha biyu, a nan Busan.

Injiniya ya sha cokali huɗu na kunun ya ture kwanon. Ya juya yana kallon taga. Daga tagarsa ana ganin doguwar katangar da ke tare ƙasar tudu a bayan gidajenmu, mai ƙananan bututu a jikinta inda ruwa ke tsiyayowa. Damina ta kusa, ga kuma mutumin nan mai rigar ruwa ruwan ɗorawa yana bin bututun ɗaya bayan ɗaya da doguwar sandar ƙarfe, yana zaƙulo laka da saiwa. Duk shekara yakan zo. Mu dai Mai Kwata muke ce masa, a zatonmu ƙaramar hukuma ke turo shi.

"Kira mini shi," in ji Injiniya.

"Wa? Mai Kwata?"

"Sunansa Tak Jin-mo. A duk waɗanda na koyar, babu mai ƙwaƙwalwarsa."

Na zauna a bakin shimfiɗar. A hankali, yana hutawa tsakanin magana, ya ba ni labarin. Shekara talatin da suka wuce wani kamfani ya gina katanga irin wannan a wata unguwa. Jin-mo, yana saurayi ga aiki ya yi masa yawa, ya buga hatiminsa a kan takardar ba tare da ya je ya gani da ido ba. Ashe ba a sa bututun ruwa ba. Da damina ta zauna, katangar ta kwanto kan wani gida, ta kashe wata mata da 'yarta. Injiniya Pyo ne ya shugabanci zaman da aka ƙwace lasisinsa. Bayan shekara biyu ya ji labarin Jin-mo ya ƙetare teku zuwa Japan ya samu aikin duba gine-gine, don ba wanda ya san komai a can. Shi ya rubuta wasiƙa da hannunsa zuwa hukumar can, wasiƙar ta faɗa hannun Malam Kuroiwa, aka sallami Jin-mo. Daga wannan wasiƙar duk tafiye-tafiyen suka fara.

"Shekara goma sha ɗaya ina kallonsa ta tagar nan," ya ce. "Ba wanda ke biyansa. Unguwa bakwai yake zagayawa, na bincika."

"Kuma ba ka taɓa ce masa sannu ba?"

"In ce masa me?"

Na sauka. Da na faɗa wa mutumin saƙon, sai ya tsaya da sandar a hannu kamar an dasa shi. Furfura ta cika masa kai, hannayensa duk sun tsage.

"Kayana sun yi datti, Uwar gida," ya ce, yana duban tufafinsa.

"Shagon wanki gare ni. Taho."

Ya daɗe yana wanke hannu a famfon shagona. A bakin ƙofar ɗakin ya cire takalmi ya jera su, ya shiga ya durƙusa ya kai goshi ƙasa.

"Malam."

"Tashi, Jin-mo. Gwiwar taka ba ta yara ba ce yanzu." Ya ƙare masa kallo. "Bututu na sha huɗu, na kusa da sandar lantarki, yaya yake?"

"Ya karye daga ciki, Malam. Na kai rahoto sau uku. An ce bana za a gyara."

"Ka rubuta musu da ma'auni?"

"Ba ni da hatimi. Na zana dai, na sa sunana."

Injin iskar yana ta huci a gefen bango. Can Injiniya Pyo ya laluba cikin takardun ya zaro ta jayayyar sashe na tara ya miƙa masa. Jin-mo ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya mayar da hannu biyu.

"Naka ne daidai, Malam. Kada ka sassauta saboda ni. Sunan yarinyar da ta rasu Bo-ra. Da yanzu tana da shekara talatin da shida."

"Na sani."

"To kada a goge komai."

"Wa ya ce saboda kai ne? Kai ai ka tsufa, ko an ba ka hatimin ba ka ganin inda za ka buga." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya hana. Na tallafe shi har ya lafa. "Da na ƙwace shi, daidai na yi. Wasiƙar ma daidai ce. Amma da na san me za ka zama kana ɗan shekara arba'in da biyar, da na so a ce akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ni na toshe ta, kuma ina nan ina kallonka kana yashe laka."

Jin-mo ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na fita na ba su wuri, na tsaya a matattakala ina ninke tawul ɗin da na riga na ninke. Da na dawo, na tarar Jin-mo yana riƙe da biro, Injiniya yana faɗa masa abin da zai rubuta, yana kuma yi masa faɗan rubutunsa ya lalace.

Kwana uku bayan nan Malam Kuroiwa ya sauka daga jirgin ruwan safe. Ɗan siririn tsoho ne mai kwat da sanda. Matattakalar unguwarmu ɗari da sittin ce, ya hau su yana zama, ya iso yana haki kamar zai riga mai gidan tafiya.

"Dubi wannan," in ji Injiniya Pyo. "Maman Sun-hwa, cire mini robar nan ki sa masa."

"Mugun mutum," in ji Malam Kuroiwa. "Mugun gida. Mugun tudu."

Ya zauna ya riƙe hannun abokinsa, bai saki ba ko da aka ba shi takardar. Ya sa tabarau ya karanta da hannu ɗaya. Sabon sashen ya ce ba za a taɓa goge sunan korarre ba, kuma za a rubuta sunayen waɗanda suka rasu a gefen nasa. Amma bayan shekara goma yana da damar ya tsaya gaban mutanen hukumomi biyu, ta ƙasarsa da wata, su duba yadda ya rayu tun daga lokacin, in sun gamsu su mayar masa da lasisi.

"Wannan rabin maganata ne," in ji Malam Kuroiwa.

"Rabin da ke da hankali."

"Shekara shida! Me ya sa sai yanzu?"

"Da ba ni da lokacin tunani. Kullum kana kira."

Suka koma Japananci, ban ƙara fahimtar komai ba, sai dai na ji suna ambaton sunayen garuruwa suna dariya ƙasa-ƙasa. Da zai tafi, Malam Kuroiwa ya tsaya a shagona ya ce in ba shi ruwa. Ya riƙe kofin bai sha ba, ya daɗe yana kallon injin wanki yana juyawa.

Daga nan jiki ya yi ta ja baya. Hye-rim ta zo ta zauna gaba ɗaya. Ya daina karɓar kunu, sai dai a jiƙa masa leɓe. Jin-mo yakan zo kullum da hantsi, ya aske masa gemu, ya juya shi, ya faɗa masa katangar da ya duba jiya da abin da ya gani. Ko ido a rufe, in Jin-mo ya faɗi wani ma'auni, sai ka ga girarsa ta motsa.

Ranar da aka buɗe taron aka fara ruwa. Washegari da safe, wajen ƙarfe tara, ina tsakiyar guga Hye-rim ta leƙo daga sama.

"Inna, zo."

Na kashe dutsen guga na hau. Numfashinsa ya yi nisa da juna. Hye-rim ta riƙe hannu ɗaya, na riƙe ɗaya. Ya buɗe ido ya dubi 'yarsa, ya ce, "Kin ci abinci?" Ta ce ta ci. Ya ce, "To." Bayan ɗan lokaci ta miƙa hannu ta kashe injin iskar, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar ruwa a kan kwano.

An yi zaman makoki a zauren asibitin da ke gangaren unguwa. Mutanen taron suka zo da la'asar a motar haya guda, cikin baƙaƙen kwat, wasu ba ma jin yarensu. Suka shiga layi suna ajiye fararen furanni gaban hotonsa. Wata mata daga Taiwan ta gaya wa Hye-rim ta bakin tafinta cewa an sa hannu da azahar, sashe na tara yadda mahaifinta ya bar shi, ba a taɓa ko kalma ɗaya ba. Hye-rim ta yi ta godiya tana share ido, ni kuwa ina ta zuba miyar nama mai yaji a kwanuka.

Jin-mo ya zauna can ƙarshen zaure kusa da inda ake ajiye takalma, cikin kwat ɗin marigayi mijina da na ara masa, hannun ya yi masa gajere. Bai taɓa abincin gabansa ba. Da jama'a suka ragu, Malam Kuroiwa ya dogara sandarsa ya zo ya tambaye ni ko wannan ne. Na ce shi ne. Ya je ya tsaya a gabansa.

"Ni ne Kuroiwa," ya ce. "Ni na sallame ka."

"Na gane ka, ranka ya daɗe."

Tsohon ya yi ta fama da gwiwoyinsa har ya zauna a ƙasa, a ɗaya gefen ɗan gajeren teburin. Can Jin-mo ya ɗauki lemo ɗaya daga faranti, ya ɓare shi da tsagaggun yatsunsa, ya tsince zaren jikinsa tas, ya raba biyu, ya tura rabi gaban tsohon.