Abin da Baffa Yake da Shi

Ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kama mahaifinmu Baffa, ta tafi da hannunsa na dama, ta tafi da Hausarsa, ta haɗa da Barbarcin da ya gada. Abin da ta bar masa shi ne Faransancin da ya tsinta cikin shekara talatin da ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da Injamena. Likita ya ce maganar ma tana iya ɗaukewa gaba ɗaya kowane lokaci, don haka mu saurare shi da kyau. Muka dawo da shi gida Kwaciri muka kasa kunne, alhali babu mai jin yaren a cikinmu.

Sai yayana Abdulhafiz. Ya yi zango ɗaya na Faransanci a sakandare, kuma tun daga nan yake jin kansa ɗan Faris. Da ya ji Baffa yana fara kowace magana da "je", sai ya gyara zama ya ce wannan ba "je" ɗinmu ta aike ba ce, "ina da" take nufi. Wato tsoho yana lissafa dukiyar da ya ɓoye mana ne. Ko da Hausa ma aka ɗauka duk ɗaya ne: yana da abu a can, a je a gani.

Ni Jawahir ba zan wanke kaina ba, na yarda da shi. Har ɗan murmushi na yi a kicin.

Baffa ya ce, "Je fan." Abdulhafiz ya rubuta fili a Fanisau. Ni kuma na ce ƙila fanka yake nufi, na ƙure masa ita. Can Baffa ya fara cewa "je furwa" yana karkarwa, yayana ya ce Farawa ke nan, karkarwar kuma ta muhimmancin maganar ce. Kwana biyu yana yawo a Farawa yana tambayar dillalai ko sun san filin wani direba. Ya dawo da mura da labarin wani kango da yake ganin ya yi kama da Baffa. Da aka zo kan "je mal", sai ya ce akwai wani Malam da ke riƙe da takardu, ya bi malaman unguwa ɗaya bayan ɗaya har wani ya yi masa tofi.

Guda ɗaya ce ta gagare shi. Baffa yakan faɗe ta a hankali, idan ya ga za mu fita daga ɗakin: "Je fer." Babu unguwa mai wannan sunan a duk Kano, an bincika.

A kwana na biyar muryarsa ta fara shaƙewa, hankalina ya tashi. Na tuna da Madam Comfort, mai sayen turaren wuta a wurina, haifaffiyar Sabon Gari ce kuma Faransanci take koyarwa. Na hau adaidaita na ɗauko ta daga bakin kasuwa, da ledar ganyen ugu a hannunta.

Ta durƙusa ta gaida Baffa, ya amsa mata da wata doguwar magana har da hawaye. Abdulhafiz ya miƙa mata takardarsa. Ta karanta, ta dube mu, ta tashi ta kashe fanka da kanta. Ta ce gaskiya ne kalmar "ina da" take nufi, daga avoir take, kuma da ita ake cewa ina da mota, ina da gida. Amma Faransawa ba sa jin yunwa kamar mu, mallakarta suke yi. Haka sanyi, haka ciwo, har shekarun mutum ma kayansa ne. Fanisau ɗinmu yunwa ce, kunun da muke ba shi ba ya kai masa ko'ina. Farawa sanyi ce. Malamin kuma ciwon kafaɗa ne.

Abdulhafiz ya tambaya ko dai akwai wata ma'anar ta biyu a Faransancin Chadi. Ban san lokacin da na jefe shi da murfin kwano ba. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na kawo bargo, na dama tuwo da miya ruwa-ruwa, Baffa ya shanye kwano biyu.

Sannan na tambaye ta ta ƙarshen.

"Tsoro ne," in ji ta. "Cewa yake yana da tsoro. Ba ya son ku riƙa fita ku bar shi."

Na ce ta koya mini yadda ake cewa ina nan. Ta ce wannan da wata kalmar ake yi, ba ta mallaka ba, ta faɗa mini sau uku. Na zauna a bakin katifarsa na kama hannun da ke motsi.

"Je suwila, Baffa."

Ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, ya faɗa mini yadda ake faɗinta daidai. Na sake, ya sake gyara mini. Har aka kira la'asar ban iya ba, shi kuma bai sakar mini hannu ba.